Wane ruwa zan zuba a injin hayaƙi, kuma me ya hana hayaƙina kwanciya a ƙasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ƙawata wurin biki ce a ɓangaren mata, a nan Makka. Bara na sayi injin hayaƙi mai wat 1500 saboda zaffar amare, wato shigowar amarya cikin taron biki. Da ruwan da aka haɗo min da shi ya ƙare, na je sayen wani, na tarar da galan kala-kala, wani ya ninka wani kuɗi har sau uku. Na ɗauki wanda mai shago ya ce ya fi kauri, a zatona shi ne zai kwanta a ƙasa kamar yadda nake gani a bidiyo. Ranar biki sai ya tashi sama ya rufe amarya ruf, mai hoto tana ta faɗa, tsofaffi suna tari. Wata ƙawata ta ce in daina ɓarnar kuɗi, in haɗa gilisarin da ruwa a gida, in ɗiga turare don ƙamshi. Wane ruwa ya kamata in saya? Kuma shawarar tata akwai hatsari?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayarki ɗaya ce a baki amma uku ce a ciki: wane ruwa ya dace da injinki, me ya sa hayaƙin ya tashi maimakon ya kwanta, sannan ko haɗin gida zai iya maye gurbin na kanti. Na haura shekara goma ina aikin fitilu da sauti a ɗakunan biki tsakanin Jidda da Makka, kuma abin da ya same ki ya sami kusan duk wanda ya fara da ƙaramin inji. Mai shago bai yi miki ƙarya ba da ya ce ruwan yana da kauri. Sai dai kauri daban, kwanciya a ƙasa daban, kuma abin da kike nema ba a cikin galan kaɗai yake ba.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Mu fara da sunan, domin shi ne tushen ruɗanin. Muna cewa hayaƙi, Larabawa ma dukhan suke cewa, amma babu abin da ke ƙonewa a ciki idan inji lafiyarsa ƙalau. Tururi ne. A cikin injin akwai ɗan famfo da ke zuƙo ruwa daga tanki, ya tura shi cikin wani siririn bututu da ya ratsa ta cikin curin ƙarfe mai zafi, wato hita. Zafin wannan ƙarfe yakan kai tsakanin digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salsiyos, gwargwadon injin. Ruwan ya zama tururi nan take, ya fito da ƙarfi ta baki, da ya haɗu da iskar ɗaki mai sanyi sai ya koma ƙananan ɗigo masu yawo, kamar dai abin da ke fita daga bakin butar shayi, sai dai wannan ya fi daɗewa.

Abin da ke sa ya daɗe shi ne haɗin da ke cikin ruwan. Ruwan hayaƙi na gaskiya tataccen ruwa ne da aka cire wa gishiri, aka gauraya da sinadaran gilaikol, irin su furofilin gilaikol da tirai'etilin gilaikol, ko kuma gilisarin. Kowannensu da zafin da yake tafasa: furofilin gilaikol wajen digiri 188, gilisarin sai ya kai 290. Kamfanin da ya ƙera inji ya saita hitarsa ne a kan haɗin da yake sayarwa. In kika zuba wanda ke buƙatar zafi fiye da na hitarki, ba zai gama zama tururi ba, injin zai riƙa tofar da ruwa mai zafi, ƙasa ta jiƙe. In kuma hitar ta fi ƙarfin haɗin, sai ya fara ƙonewa, ki ji ƙauri, kuma a nan ne ake samun sinadarai masu cutarwa. Shi ya sa nake ce wa yarana inji da ruwansa kamar kwaɗo da mabuɗi suke.

Kauri ba nauyi ba ne

Masu haɗa ruwan sun kasa shi ne bisa tsawon lokacin da yake yi a iska kafin ya ɓace. Akwai mai saurin bajewa, wanda cikin ɗan lokaci za ki neme shi ki rasa. Akwai matsakaici, wanda yawanci shi ake haɗowa da sabon inji. Akwai kuma mai kauri mai daɗewa, wanda aka yi domin manyan filaye da dandamalin waƙa, inda ake so hasken fitila ya fito sanda-sanda a cikinsa. Daga bayaninki wannan na ukun kika sayo. Gilaikol ɗinsa ya fi yawa, ruwansa kaɗan, don haka ya fito fari fat kuma ya ƙi tafiya.

Amma ki tuna da zafi yake fitowa, kuma duk abu mai ɗumi sama yake yi, ko da kuwa ya kai me kauri. Abin da kike gani a bidiyo, wanda ake kira dukhan ardi a nan, sanyi ne ya kwantar da shi. An sanyaya tururin har ya fi iskar ɗakin sanyi, sai ya yi nauyi ya malale a ƙasa kamar ruwa. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ruwan da ya dace da wannan aiki shi ne mai saurin bajewa. Dalili kuwa, tururin da ya kwanta ba zai dawwama da sanyi ba, tayil da ƙafafun mutane za su ɗumama shi, ya fara tashi. In mai saurin bajewa ne, kafin ya kai gwiwa ya ɓace, fuskar amarya ta fito tas a hoto. In mai kauri ne, ko da kin sanyaya shi, bayan minti biyu ko uku zai miƙe ya cika ɗakin. Ashe kin ga kin biya kuɗi mai yawa ne a kan kishiyar abin da kike so.

Rubutun jikin galan ma yana yaudara. Wani kamfani in ya rubuta Heavy yana nufin na kwanciya ƙasa, wani kuma yana nufin mai kauri. Ki nemi wanda aka rubuta Low Fog ko Quick Dissipating a fili, kuma ki sa a karanta miki bayanin baya, kada ki tsaya ga babban rubutun gaba.

Yadda za ki kwantar da shi

Da injin da kike da shi yanzu, hanya mafi sauƙi ita ce akwatin ƙanƙara. Akwai na sayarwa, akwai kuma na haɗi: babbar kula a huda ta gefe biyu, a sa bututu, a shimfiɗa raga a tsakiya a cika samanta da ƙanƙara, tururi ya shiga ta gefe ɗaya ya ratsa sanyin ya fita ta ɗaya. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin bakin inji da bututun, domin tururin yana buƙatar ya ja iska kafin ya yi jiki, kuma bakin yana narkar da roba. Wannan yana isar ƙaramar kosha, wato dandamalin da amarya ke zama, da gajeren mamarri, wato hanyar da take takowa a kai. Matsalarsa zafin garinmu: ƙanƙarar da aka zuba bayan Isha ta zama ruwa kafin amarya ta fito, kin san kuma zaffarmu ba ta wuri ba ce. Ki ajiye ƙanƙarar a wata kula daban, a zuba saura minti goma.

Akwai kuma injin da ke aiki da ruwa zalla da ɗan ruwan hayaƙi nasa na musamman, wanda wasu faifai a ƙasan tankinsa ke girgiza ruwan da sauri har ya zama raɓa mai sanyi. Ana amfani da shi a manyan ɗakuna, kuma in sana'arki ta zaffa ce, a nan zan ce ki tara kuɗinki. Yana son tsaftataccen ruwa, kuma yana jiƙa ƙasa, don haka ki lura da marmara.

Sai busasshiyar ƙanƙara, salj jaf, wadda ba ta buƙatar ruwan hayaƙi ko kaɗan. Iskar kabon dayokzaid ce aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ana tsoma ta a ruwan zafi, farin gajimare ya malalo, kuma a gaskiya babu wanda ya kai ta kyau, ba ta tashi sama sam. Amma ina tsoronta a ɓangaren mata saboda yara. Kilo ɗaya yana sakin iskar da ta kai lita 500, iskar kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi, a ƙasa take taruwa, daidai inda yaro ɗan shekara uku zai kwanta yana iyo a cikin "gajimare". Babba a tsaye ba zai ji komai ba, yaron kuwa numfashinsa ke ƙarewa. In za ki yi amfani da ita, a tsare yara nesa da mamarri har ta baje, a ɗauke ta da safar hannu mai kauri, kada a rufe ta cikin abin da iska ba ta fita domin zai fashe, kuma in za a ɗauko ta daga Jidda a mota, a sauke gilashi duk da zafin.

Ko wacce hanya kika bi, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne babban abokin gabanki. Iskarsa tana tarwatsa abin da ya kwanta. Ina roƙon mai kula da ɗaki ya kashe na kusa da kosha minti biyar kafin zaffa, a rufe ƙofofi, a kunna bayan an gama. A istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don biki, wadda filinta ke buɗe kuwa, ina gaya wa masu biki gaskiya tun farko cewa iska za ta kwashe shi, kada su yi asarar kuɗinsu. Za ki kuma ga ruwa ɗaya ya fi daɗewa a Jidda saboda laimar teku, a Makka da Madina busasshiyar iska tana shanye shi da wuri.

Maganar gilisarin da turare

Ƙawarki ba ta ƙirƙiri abin ba. Gilisarin da tataccen ruwa suna ba da hayaƙi, na taɓa gwadawa a farkon aikina lokacin da aljihu ba nauyi. Wata biyu injin ya yi, ya fara tari, ya daina fitar da komai. Da na kwance hitar na yanka bututun, cikinsa ya toshe da wani baƙin abu mai danƙo kamar alewar da ta kama a tukunya, allura ma ba ta shiga. Hitar ba ta gyaruwa, sai sabuwa, kuma kuɗinta ya fi duk abin da na yi tsimi. Gilisarin yana da yauƙi, yana wahalar da ƙaramin famfo, yana barin maiƙo a tayil da madubin fitilu. Abin da ya fi damuna kuma, in ya wuce zafinsa yana rikiɗa ya zama akrolin, wato abin nan mai yaji da ke sa ido hawaye in mai ya ƙone a kasko. A gida ba ki da abin auna zafin hitarki, to da me za ki san kin tsallake iyaka?

Ruwan da za a haɗa da shi ma matsala ne. Na famfo da na wayit, wato tankar ruwa, da na kwalba duk suna da gishirin ma'adinai. Dubi farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar lantarki, ki ɗauka shi ne a cikin bututun da bai kai kaurin tsinken ashana ba. Kada kuma a tsarma ruwan kanti da ruwa don ya yi auki, haɗin zai lalace.

Turare kuwa, Hajiya, don Allah kada ki kusanta. Na san mu mutanen ƙamshi ne, kuma an sha ce min in ɗiga dahnul ud, wato man turaren ud, ko humra ko ruwan wardi. Turaren fesawa akwai sifirit a ciki, yana kama wuta, na mai kuma ƙonewa yake a kan hita ya toshe ta, mutane su shaƙi ƙonannen mai. In ana son ƙamshi, ga kaskon bakhur nan, wato turaren wuta, aikinsa daban. Akwai ɗan ƙamshin da kamfanonin ruwan hayaƙi suke yi musamman don zubawa, amma ni ko shi ba na so a cikin taro, domin yana tayar wa wasu da ciwon kai. Wani abu kuma da dole in faɗa: ruwan lagireto na mota shi ma gilaikol ne, amma etilin gilaikol, guba ne mai lalata ƙoda. Kada kamannin suna ya ruɗi kowa.

Galan ɗin da zan saya da wanda zan bari

Na farko, ki duba littafin injinki ko sunan da ke jikinsa. In na kamfani sananne ne irin Antari, Chauvet, Martin ko Look Solutions, sayi ruwansu, magana ta ƙare, kuma garantinsu ma yakan faɗi in aka zuba wani. In kuwa cikin injinan nan ne marasa suna da suka cika kasuwa, nemi ruwa na kamfani sananne wanda aka rubuta mai tushen ruwa ne, water based. Kada ki yarda a ba ki mai tushen mai. Shi wannan na injin hazo ne, wani inji daban da ke fesa siririn hazo don fitilu, irin wanda bai da hita yana aiki da matsin iska. In man ya shiga hitarki, gobara ce kike nema.

Galan na kirki yana da sunan kamfani da adireshi, da abin da ke ciki, da lambar haɗi da kwanan wata, murfinsa a liƙe. Wanda aka ɗura a jarka fara ba rubutu, ko aka ce "ai duk ɗaya ne", ki bar musu kayansu ko da kyauta ne, domin abin da mutum ɗari uku za su shaƙa ne, ciki har da masu juna biyu da jarirai. Ki ɗaga shi a haske: ya zama garau, ba gurɓata, ba abin da ke yawo a ciki, ba warin tsami. Launin da wasu ke sawa, kore ko ruwan hoda, alama ce kawai ta rarrabe nau'i, hayaƙin fari zai fito. In kina son hayaƙi mai kala, fitila ce ke ba da shi.

Kada ki gauraya ruwa biyu a tanki. In za ki canza, juye na ciki, ɗauraye tankin da tataccen ruwa, zuba sabon, ki kunna a waje har tsohon ya fita daga bututu. Kada kuma ki bar galan a but ɗin mota, zafin Makka a lokacin bazara yana haura digiri 45 a inuwa, balle cikin mota a rana.

Tarin da tsofaffi suka yi

Gilaikol da gilisarin suna jan laima, shi ya sa suke busar da maƙogwaro da ido. A shekarar 2000 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a kan 'yan wasan dandamali na Burodwe a Amurka, da hannun likitocin makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York. Ba a ga mummunar illa ba a yadda ake amfani da shi, amma an ga cewa in gilaikol ya yi yawa a iska yana kawo ƙaiƙayin maƙogwaro da hanci, har aka sa iyakar miligiram 40 a kowace mita kubik. Ba ki da na'urar auna wannan, amma kina da ido: in kin kasa ganin ƙofar fita daga inda kike, ya yi yawa tun tuni. Ni ba likita ba ne, mai asma ko ciwon zuciya likitarsa ya kamata ya tambaya. Nawa dai shi ne in tambayi uwar amarya tun ranar ciniki ko akwai mai fuka a dangi, musamman amaryar kanta, a nesanta kujerun dattawa da bakin inji, a ajiye wa mawaƙiya da masu kaɗa duf, wato gangar hannu, ruwan sha. Gajerun feshi na daƙiƙa biyar-biyar sun fi dogon feshi ɗaya kyau da lafiya.

Akwai daren da ba na mantawa a wani ɗakin biki a Jidda. Na saita komai da la'asar na fita, tunda ba na shiga ɓangaren mata, na bar wa wata yarinya rimot. Ta danne maɓalli ba ta saki ba, ƙararrawar gobara ta ɗauka, mata suka yo ƙofa da gudu, wata dattijuwa ta zame a daidai inda injin ya tofar da ruwa a kan tayil, ta bugu a kwankwaso. Laifina ne, ban gwada da yarinyar ba, ban shimfiɗa komai a gaban injin ba, ban kuma tambayi irin na'urar da ke silin ba. Na'urar gano hayaƙi mai aiki da haske ba ta bambance gobara da tururinmu. Mai aiki da zafi ba ruwanta, haka kawunan yayyafin ruwa, masu jar kwalba sai zafi ya kai digiri 68 suke fashewa. Tun daga ranar sai na zauna da mai kula da ɗaki kafin in kunna komai. Wasu za su ce a ɗaure na'urar da leda, kada ki yarda a yi da sunanki. Ƙa'idar Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da agajin gaggawa, ce ake takawa, kuma duk wanda ya tuna gobarar ɗakin biki ta Hamdaniyya a Iraƙi a watan Satumbar 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu, ya san abin da minti ɗaya yake nufi a ɗaki cike da jama'a.

Kula da injin bayan biki

Bakin inji yana ƙona fata ko bayan an kashe, a nesanta shi da labule, furen roba da jelar rigar amarya, aƙalla mita ɗaya. Kada tanki ya ƙare yana aiki, famfon zai ƙone. Inji mai wat 1500 yana jan kusan amfiya 6 da rabi a wutar bolt 230, ki ba shi soket nasa, ban da siririyar wayar ƙari, kuma a tsofaffin gine-gine ki tabbatar ba soket ɗin bolt 127 ba ne. Wajen wanki kamfanoni sun saɓa: wasu sun yarda da tataccen ruwa da ɗan khal, wato binega, wasu sun hana sai ruwan wankinsu. Bi littafinki. In kin wanke, sake zuba ruwan hayaƙi ki fesa kaɗan kafin ki ajiye, kuma a watannin da biki ya yi ƙaranci, kamar Ramadan da lokacin aikin Hajji, ki riƙa kunna shi sau ɗaya a wata don kada ya daskare.

Ban ga injinki ba, ban ga ɗakunan da kike aiki ba, saboda haka kafin biki na gaba ki sayi ƙaramin galan na mai saurin bajewa, ki haɗa kular ƙanƙara, ki nemi izinin shiga ɗakin da rana tare da mai hotonki. Ki sa wata ta tsaya a mamarri da doguwar riga, a kashe mukayyif na kusa, ki fesa ki duba agogo: daƙiƙa nawa ya ɗauka ya rufe ƙasa, minti nawa ya yi kafin ya fara tashi, kuma tayil ya yi santsi ko bai yi ba. Wancan galan mai kauri kuma kada ki zubar, ki rufe shi da kyau ki ajiye a inuwa, zai yi miki amfani a bikin fili inda ake son fitilu su fito.